Shin Duk Yaron Da Ke Zuwa Na Ƙarshe A Aji Daƙiƙi Ne?

Mun daɗe muna jin ana cewa yaron da kullum yake zuwa na ƙarshe ba shi da ƙwaƙwalwa. Masu faɗin haka ba da mugun nufi suke yi ba, takardar sakamako suka duba.

Sai dai takardar ba ta nuna wanda ya shigo aji da yunwa, ko wanda aikin gida ya hana shi barci. Yaron da yake da littafi, da fitila, da mai duba masa karatu a gida ya riga ɗan'uwansa yin nisa tun kafin malam ya ɗauki alli. Ƙarancin jini na kawo kasala da rashin natsuwa. Wani kuma allon ne ba ya gani: za ka ga yana ƙanƙance ido, yana leƙa littafin na kusa da shi, a ce satar amsa yake yi. Wannan ya fi ci mini rai, domin sau da yawa tabarau kawai yake buƙata.

Kowa na iya gwadawa. A rufe masa ido ɗaya ya karanta allo daga nisan mita 6, sannan ɗayan. A kira shi a hankali ta bayansa, a ga ko yana ji. A maimaita masa tambayar da ya kasa amsawa, da baki, cikin harshen da yake ji a gida. A duba rajista a ƙirga kwanakin da bai zo ba. Idan an ga alamar matsala, sai asibiti.

Don Allah ku tura wa iyaye da malamai wannan bayani.