Bajon ƙungiyoyin motocin Jamus: rigimar ta girmi 1933

Muhawarar da ake yi a Jamus kan cinikin kayan zamanin Nazi ta biyo ta kan wani ɗan ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, wato bajon da masu motoci ke ɗaurawa a gaban lagireto. Masu tara shi suna cewa tarihin mota suke adanawa, ba ruwansu da siyasa. Masu suka kuma suna cewa muddin akwai suwastika, tambarin 'yan Nazi, a jiki, ba kayan gwanjo ba ne. Sashe na 86a na dokar laifuka ta ƙasar ya hana baje wannan tambari a bainar jama'a, sai don ilimi ko bincike ko makamancinsu, shi ya sa dillalai ke rufe wurin da ɗan maƙalallen takarda kafin su ɗauki hoto. Duka ɓangarorin biyu suna magana kamar a 1933, shekarar da 'yan Nazi suka hau mulki, siyasa ta faɗo wa bajon daga sama. Ba haka abin yake ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1899 aka kafa ƙungiyar masu motoci da ake kira AvD a yau. Sarki Wilhelm na Biyu ya zama uban ƙungiyar a 1905, ta koma amsa sunan ƙungiyar motoci ta sarki, bajonta ya samu kambi. A 1903 kuma wasu masu babura suka kafa tasu a Stuttgart, wadda ta zama ADAC a 1911. Sarauta ta faɗi a 1918.

Daga nan ne fa ake yawan tsallakewa. Jamhuriyar da aka kafa a 1919 ta zaɓi tuta mai baƙi da ja da ruwan zinare, ta ajiye ta daular mai baƙi da fari da ja. Jamusawa ba su haɗu a kan wannan ba ko kusa. Launin da mutum ya rataya a tagarsa shi ke nuna ko yana tare da jamhuriya ko kuwa zuciyarsa na wajen tsohon zamani. Rigimar ta yi zafin da a 1926 gwamnati sukutum ta faɗi saboda wata doka a kan tuta.

To, a lokacin mota ta masu hali ce, kuma da yawa daga cikinsu sun tashi ne a ƙarƙashin tsohuwar tuta, ba su ga dalilin sauya ta ba. Mota kuwa ba a ɗaki take kwana ba. Tana ratsa gari da ƙauye, bajo a goshinta, 'yar tuta na kaɗawa a gefe, kowa na gani. Direban da ke goyon bayan jamhuriya sai ya samu kansa a tsaka mai wuya: yana buƙatar ƙungiya saboda takardun ƙetare iyaka da taimakon hanya, amma ba ya son yawo da launin da bai yarda da shi ba. A 1927 irin waɗannan direbobi suka ware suka kafa ƙungiyarsu mai launukan jamhuriya, wadda daga baya aka san ta da Deutscher Reichs-Auto-Club. Ba farashin mai ya raba su da 'yan uwansu ba, ba dokar hanya ba. Launi uku ne a kan ƙyalle da ƙarfe.

A ganina nan ne bajon ya tashi daga shaidar biyan kuɗin ƙungiya ya koma shaidar inda mutum ya dosa. Shekara shida kafin zuwan mulkin Nazi, masu motoci sun riga sun saba duban goshin motar juna don su gane nasu. Da aka zo 1933 aka narkar da akasarin ƙungiyoyin cikin guda ɗaya mai suna DDAC, da mikiya da suwastika a bajonta, an tarar da ido ya riga ya koyi karanta lagireto. Ita kuwa ƙungiyar 1927 sai ta zama mafakar direbobi Yahudawa da aka rufe wa ƙofa a sauran wurare, tana amsa sunan Auto-Club 1927. A Disambar 1938 aka ƙwace lasisin tuƙi daga hannun Yahudawa baki ɗaya, ƙungiyar ba ta sake tashi ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka farfaɗo da ADAC a Munich a 1946, AvD ta biyo baya a 1948, Jamus ta Gabas ta kafa tata, ADMV, a 1957. Yau ADAC na da mambobi fiye da miliyan 20, kuma ɗan kati a jaka ya maye gurbin ƙarfe a goshin mota.

Ban ga laifin mai sha'awar waɗannan bajoji ba, don aikin hannu ne na gaske. Tagulla ce aka buga, aka zuba garin gilashi mai launi a kowane gurbi, aka gasa har ya narke ya yi santsi. Ka juya bayansa, sau da yawa za ka ga sunan maƙeran da suka yi shi da ƙusoshi biyu na ɗaurawa, wani lokaci da tsatsar motar da ya rayu a kanta. Ga kuma na tsere da na taron shekara, masu ɗauke da sunan gari da kwanan wata, irin na filin tseren mota na Nürburgring da aka buɗe a 1927. Masu saye suna kallon nauyi, da tsagewar gilashin, da kaifin rubutu, saboda jabu ya yi yawa, musamman a kayan 1933 zuwa 1945 inda kuɗi ya fi motsi.

Akwai kuma waɗanda aka goge suwastikarsu da zarto bayan 1945, masu su suka ci gaba da amfani da abinsu. 'Yan kasuwa suna karya farashin irin waɗannan don wai sun lalace. Ni kam na fi ganin tarihi a jikinsu, domin tabon zarton yana nuna mutum ya san sarai abin da bajon ke faɗa a kansa, ya zauna ya kankare.