Yankewar wuta a injin mai sauyayyiyar ƙwaƙwalwa

Yankewar wuta, abin da makanikai ke cewa "mota tana misin", shi ne silinda ɗaya ko fiye ta kasa ƙona cakuɗen mai da iska a kan lokaci. Injin ya riƙa karkarwa, ƙarfinsa ya ragu, wani sa'in a ji warin ɗanyen mai a salansa. Gano dalilin yakan yi wuya in an cire ƙwaƙwalwar da motar ta fito da ita daga kamfani, wato ƴar kwamfutar da ke sarrafa mai da wutar injin, an sa wata.

Tarihi

Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da D-Jetronic, tsarin fesa wa inji mai ta hanyar lantarki, a 1967, aka fara sa shi a motar Volkswagen. A 1979 ya biyo da Motronic, wanda ya haɗa sarrafa mai da wuta a akwati guda. Daga 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II na gano matsalar mota da na'ura, Turai ta bi sahu wajen 2001 a motocin fetur. Tun daga nan ƙwaƙwalwar kamfani ke lura da juyin karanshaf, sandar da fistoci ke juyawa: silindar da ba ta kama ba takan ɗan rage masa gudu, sai ƙwaƙwalwar ta ajiye lambar matsalar. P0301 na nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, P0300 kuwa ba a tsaya kan ɗaya ba.

Ƙwaƙwalen da ake saya daban sun taso ne daga masu tseren motoci. Haltech da MoTeC sun fara a Ostareliya cikin shekarun 1980, MegaSquirt kuma ta bayyana a Amurka wajen 2001. Da yawansu ba sa ajiye waɗannan lambobi. Mai na'urar bincike ya jona, ba ta nuna masa komai, alhali injin na rawa a gabansa.

Bincike

Ana farawa da hannu da kunne. Injin na sulo, a cire soket ɗin injekta ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka cire sautin bai canza ba, silindarsa ce matacciya. Sai a musanya buji ko koyil ɗinta da na maƙwabciyarta, a ga ko ciwon zai bi su. Bujin da ya yi baƙi ƙirin yana nuna mai ya yi yawa, fari fat kuwa ya yi kaɗan. Ma'aunin fetur shi ne kashi 14.7 na iska kan kashi ɗaya na mai. In komai lafiya, a gwada matsin silinda.

Inda sauyayyiyar ƙwaƙwalwa ta fi ba da wahala shi ne siginar karanshaf. Sanso yana ƙirga haƙoran wani faifai mai giɓi, galibi 36-1 ko 60-2, wato gurbin haƙora 36 babu ɗaya, ko 60 babu biyu. In an saita lissafin ba daidai ba, ko wayar sanson ta bi ta kusa da wayar buji, ko mas, wato wayar negatif, bai kama jikin injin da kyau ba, ƙwaƙwalwar sai ta ɓata ƙirga na ɗan lokaci, wuta ta yanke a duk silindodi. Rikodin da take sauke wa kwamfuta yana nuna wannan. Abin takaici ne a ga mai mota ya sayi koyil huɗu alhali waya ɗaya ce ta yi sako-sako.

A Maradi

Yawanci ƙwaƙwalwar kwance ake sawa, wadda aka ciro daga wata motar, ba ta tsere ba, kuma ba kullum take dacewa da injin ba. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, zafin bazara yana gajiyar da koyil, man ƴan ruwa-ruwa kuwa in ya zo da dauɗa yakan toshe injekta.

Saɓani

Makanikai sun sha bamban kan cire matatar hayaƙi idan yankewar wuta ta narkar da ita.