Ma'anar "shiga falaki", da abin da ya bambanta shi da leƙa sararin samaniya

A watan Yulin 2021 attajirin nan na Amurka, Jeff Bezos, ya shiga wani kumbo na kamfaninsa, aka cilla shi sama har ya haura kilomita 100, sannan ya sauko ƙasa, kuma tafiyar gaba ɗayanta ba ta wuce kimanin minti goma ba. Kafofin watsa labarai sun ce ya je sararin samaniya, wasu ma suka kira shi ɗan sama-jannati, wato sunan da ake bai wa mutanen da suke shafe wata shida a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Maganar ba ƙarya ba ce, amma ta haɗe tafiye-tafiye iri biyu waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ta yi kama da ta mai leƙa gida ta katanga da wanda ya shiga ya zauna. Kalmar da take raba su ita ce falaki. Bezos ya kai sararin samaniya, amma bai shiga falaki ba.

Falaki ba baƙuwar kalma ba ce ga Bahaushe, domin daga Larabci ta shigo tun da daɗewa, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya gamu da ita a Suratu Yasin, inda aka ambaci rana da wata da dare da yini aka ce kowanne a cikin falaki yake iyo. Daga nan ne aka sami ilimin falaki da malaman falaki. A harshen kimiyyar zamani kuwa, falaki shi ne tafarkin da wani abu yake bi yana kewaya wani abin da ya fi shi nauyi, kamar yadda wata yake kewaya duniya, ita kuma duniya take kewaya rana. Idan aka ce kumbo ko tauraron ɗan Adam ya shiga falaki, ana nufin ya sami gudun da zai ba shi damar ci gaba da kewaya duniya bayan an kashe injinsa, ba tare da ya faɗo ba.

Yawancin mutane suna zaton nisa ne yake hana kumbo faɗowa, wai ya yi saman da ƙarfin jan ƙasa ya daina kai wa gare shi. Wannan ƙarfi, wanda wasu ke ce wa maganaɗisun ƙasa ko da yake babu maganaɗisu a cikin lamarin, bai ragu da wani abin kirki ba a inda kumbunan suke, domin a tsayin kilomita 400 yana nan da kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfinsa na doron ƙasa. Sirrin yana ga gudu. Masanin nan na Ingila, Isaac Newton, ya kwatanta abin tun fiye da shekara ɗari uku da suka wuce da igwar da aka girka a kan dutse mai tsananin tsawo, aka harba ta bakinta na kallon gaba. Idan albarushin kaɗan ne, harsashin zai faɗi kusa. Idan aka ƙara, zai faɗi nesa. Idan kuwa aka yi ta ƙarawa, za a kai matsayin da harsashin zai riƙa faɗowa amma ƙasa tana kauce masa, saboda duniya dunƙulalliya ce. Lissafin ma ba shi da wuya. Duk abin da aka saki yakan faɗo kimanin mita biyar a cikin sakan na farko, doron duniya kuma yakan lanƙwashe ƙasa da kimanin mita biyar a duk tafiyar kilomita takwas. Saboda haka abin da yake shafe kusan kilomita takwas a sakan ɗaya, wato wajen kilomita 28,000 a awa, zai yi ta faɗuwa bai taɓa ƙasa ba, har ya dawo inda ya fara cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Amfanin hawa sama shi ne kawai a fita daga cikin iska mai kauri, wadda da za ta rage wa kumbon gudu ta kuma ƙone shi.

Tarihin shekarar 1961 ya fi kowane misali fito da wannan bambanci. A ranar 12 ga Afrilu, Tarayyar Sobiyat ta harba Yuri Gagarin, matuƙin jirgin yaƙi ɗan shekara 27, daga sansanin Baikonur da ke Kazakistan, a cikin kumbon Vostok 1. Ya kewaya duniya sau ɗaya, kuma daga tashi zuwa sauka minti 108 aka lissafa masa. Bayan mako uku, a ranar 5 ga Mayu, Amurka ta harba Alan Shepard daga Cape Canaveral a jihar Florida, ya kai tsayin kimanin kilomita 187, ya faɗa tekun Atlantika bayan minti 15. A tsayi dai Shepard ya ɗan haura inda falakin Gagarin ya fi matsowa ƙasa, amma gudunsa bai wuce kimanin kilomita 8,300 a awa ba, wato bai kai sulusin abin da ake bukata ba. Da yake ƙarfin da ake kashewa wajen ƙara gudu yana ninkuwa fiye da gudun kansa, shiga falaki yana neman fiye da ninki goma na ƙarfin motsin da Shepard ya samu. Rokar Redstone da ta ɗauke shi ba ta da wannan ƙarfi, yayin da Sobiyat take da babbar rokar R-7 ta Sergei Korolev, wadda tun asali aka ƙera ta don ɗaukar makamin nukiliya daga nahiya zuwa nahiya, kuma ita ce ta kai Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, falaki a 1957. Shi Korolev ɗin, hukumomin ƙasarsa sun ɓoye sunansa har ya mutu a 1966, sai dai a ce "babban mai ƙira".

Wanda ya shiga falaki yana gamuwa da wata matsala da mai leƙawa bai san ta ba, ita ce ta dawowa. Shepard ko an so ko ba a so ba zai faɗo, amma Gagarin sai an taka masa birki. Birkin kuwa wata ƙaramar roka ce da ake kunnawa ta fuskanci inda kumbon ya dosa, ta rage masa gudu ɗan kaɗan, yadda falakinsa zai sunkuyo cikin iska, ita kuma iskar ta ƙarasa aikin da gogayya mai tsananin zafi. Vostok 1 injin birki ɗaya tak yake da shi, don haka aka zuba wa Gagarin guzurin kwana goma, da nufin idan injin ya ƙi, iskar sama za ta janyo kumbon a hankali kafin guzurin ya ƙare. Sai dai falakin da ya shiga ya fi wanda aka tsara tsayi, kuma da injin ya ƙi, da guzurin ya ƙare tun kumbon bai sauko ba. Injin ya yi aiki, amma sashen kayan aiki bai rabu da ɗakin matuƙi a kan lokaci ba, kumbon ya yi ta wulwulawa na tsawon mintuna har wayoyin da suka haɗa su suka tsinke. A tsayin kilomita bakwai kujerar Gagarin ta cilla shi waje, ya sauka da laima a wata gona a yankin Saratov. Sobiyat ta yi shekaru tana ɓoye wannan, saboda ƙa'idar hukumar da ke rajistar bajintar jiragen sama ta duniya ta ce matuƙi ya sauka a cikin abin hawansa.

Rashin nauyin da ake gani a hotunan bidiyo, mutum yana shawagi kamar audugar rimi, shi ma daga faɗuwar nan ya samo asali, domin mutumin da kumbonsa da duk abin da ke ciki tare suke faɗowa da gudu ɗaya, babu abin da yake danne wani. Kafin 1961 likitoci ba su da tabbacin ko mutum zai iya haɗiye abinci ko ya riƙe hankalinsa a wannan hali, shi ya sa aka fara tura dabbobi. Karya Laika ta mutu a falaki a Nuwamban 1957, Belka da Strelka suka dawo da rai a Agustan 1960, Amurka kuma ta gwada da wani biri mai suna Ham, wanda a dajin Kamaru aka kamo shi. Shi kansa Gagarin an kulle masa na'urorin tuƙi da lambobin sirri, aka sa lambobin a ambulan, don tsoron kada ya rikice ya taɓa abin da bai kamata ba. Wanda ya fara ɗanɗana zaman falaki na sosai shi ne Gherman Titov, wanda a watan Agustan 1961 ya kewaya duniya sau 17 cikin fiye da awa 25, ya ci abinci, ya yi barci, ya kuma yi fama da jiri da tashin zuciya, lalurar da har yau take damun 'yan sama-jannati da yawa a kwanakinsu na farko.

Amurka ba ta kai mutum falaki ba sai ranar 20 ga Fabrairun 1962, lokacin da rokar Atlas ta ɗauki John Glenn a kumbon Friendship 7, ya yi kewaye uku cikin awa huɗu da minti 55. A wannan tafiya ce Kano ta shiga labarin, kuma dalilin shigarta ya fito ne daga yanayin falaki kansa. Kumbon da ke tsayin kilomita ɗari biyu da wani abu, yana irin wannan gudu, ba ya wuce 'yan mintuna a saman kowane gari, kuma da zarar ya ɓace a bayan lanƙwasar duniya sai rediyo ya yanke. A lokacin babu taurarin sadarwa da za su isar da saƙo, saboda haka hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta jera tashoshi goma sha takwas a kewayen duniya, wasu a kan tudu wasu a cikin jiragen ruwa, kowace ta karɓi kumbon ta miƙa wa ta gaba. Bayan tashar tsibiran Kanari sai ta Kano, bayanta sai ta Zanzibar. Tashar Kano tana karɓar bayanan lafiyar matuƙi da na injinan kumbo, tana kuma magana da shi baki da baki. A kewayensa na farko Glenn ya shaida wa ma'aikatan Kano cewa yana hangen ƙura ta tashi a ƙasa, suka amsa masa cewa an yi mako guda ana iska mai ƙarfi. Duk wanda ya san Kano a watan Fabrairu ya san hazon hunturu ne mutumin ya gani daga sama. Tashar Zanzibar an rufe ta bayan juyin juya halin 1964, ta Kano kuwa ta ci gaba da aiki har zamanin Gemini, kumbunan Amurka masu ɗaukar mutum biyu.

Daga nan gasar da ke tsakanin Amurka da Sobiyat ta koma ta daɗewa da yawan mutane. Valentina Tereshkova, ma'aikaciyar masaƙa da aka zaɓa saboda ƙwarewarta a sauka da laima, ta tashi ranar 16 ga Yunin 1963, ta kewaya duniya sau 48 cikin kusan kwana uku, fiye da jimillar lokacin da duk Amurkawan shirin Mercury, wato shirin su Shepard da Glenn, suka yi a sama. A Oktoban 1964 aka cusa mutum uku cikin Voskhod 1 ba tare da rigunan kariya ba saboda ƙarancin wuri, wanda a ganina ganganci ne da aka yi don a riga Amurka, sa'a kawai ta rufa asiri. A Maris na 1965 Alexei Leonov ya fita wajen kumbo na minti 12, rigarsa ta kumbura har sai da ya rage mata iska kafin ya iya komawa ciki.

Darasin da ya fi ɗaure kai game da falaki kuwa shirin Gemini ne ya koyar da shi. A watan Yunin 1965 James McDivitt, matuƙin Gemini 4, ya yi ƙoƙarin matsawa kusa da ragowar rokar da ta kawo su, wadda yake gani da idonsa. Ya yi abin da kowane matuƙin jirgi zai yi, wato ya nufe ta ya ba da wuta, amma sai ya ga tana ƙara yi masa nisa, har ya ƙone kaso mai yawa na mansa ya haƙura. Dalili shi ne a falaki ƙarin wuta ta gaba yana ɗaga kumbo zuwa falaki mafi tsayi, wanda ya fi faɗi kuma tafiya a cikinsa ta fi jinkiri, saboda haka mai son ya kamo na gabansa sai ya taka birki, ya sauko falaki na ƙasa inda kewaye ya fi sauri, sannan ya sake hawa idan ya cim masa. Bayan wata shida, a Disamban 1965, Wally Schirra ya bi wannan lissafi ya kai Gemini 6 kusa da Gemini 7 har tazararsu ba ta kai rabin mita ba, sannan a Maris na 1966 Neil Armstrong da David Scott suka haɗa Gemini 8 da wata roka marar matuƙi mai suna Agena, karo na farko da aka ɗaure abin hawa biyu a cikin falaki.