Ƙungiyoyin sana'a da kasuwanci na ɗaliban sakandare a Amurka

Ƙungiyoyin sana'a da kasuwanci na ɗalibai ƙungiyoyi ne na ƙasa baki ɗaya masu rassa a makarantun sakandare na Amurka, inda ɗalibin da ke koyon noma, saye da sayarwa, aikin hannu ko kiwon lafiya yake gwada abin da ya koya a gaban alƙalan gasa. Fitattu a cikinsu su ne FFA ta noma, FBLA ta kasuwanci, DECA ta talla da sayar da kaya, FCCLA ta kula da gida, SkillsUSA ta aikin hannu da HOSA ta kiwon lafiya. Abin da ya raba su da kulob ɗin wasanni ko na kiɗa shi ne a jikin darasi suke. Malamin da ke koyar da fannin shi ne yawanci mai kula da reshen, kuma abin da ake gasa a kai daga manhaja yake fitowa.

Asali

Tushen abin wata doka ce, ta Smith da Hughes, wadda Majalisar Dokokin Amurka ta zartar a 1917. Ita ta sa gwamnatin tarayya ta fara zuba kuɗi a koyar da noma, sana'o'in hannu da kula da gida a sakandare. Da azuzuwan suka kafu, sai malamai suka ga yaran suna bukatar inda za su haɗu su gwada juna.

'Ya'yan manoma ne suka riga kowa. A 1928 wakilai 33 daga jihohi 18 suka taru a birnin Kansas City na jihar Missouri suka kafa FFA, ƙungiyar manoman gobe. A 1933 ta ɗauki shuɗin jaket ɗin nan da har yau ake gane 'ya'yanta da shi, sunan jiha da na reshe a baya, sunan mai shi a ƙirji. Tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter ya yi ta yana yaro a jihar Georgia. Tarihinta bai rasa tabo ba. Ɗalibai baƙaƙen fata na kudancin ƙasar, saboda wariyar launin fata a makarantu, tasu ƙungiyar daban suka yi mai suna NFA, wadda aka kafa a 1935, sai a 1965 aka haɗe su. 'Yan mata kuwa ba a buɗe musu ƙofa a matakin ƙasa ba sai 1969. A 2024 mambobinta sun haura miliyan ɗaya, kuma da yawansu ba a gona suka tashi ba.

Ta fuskar kasuwanci, Hamden Forkner na Jami'ar Columbia ne ya kawo shawarar FBLA a 1937, aka buɗe reshenta na farko a 1942 a Johnson City ta jihar Tennessee. DECA ta biyo baya a 1946, ta ɗaliban da ke koyon talla da sayar da kaya. FCCLA ta faro a 1945 a matsayin ƙungiyar masu koyon kula da gida, ta sauya suna a 1999. SkillsUSA, ta masu aikin hannu, an kafa ta a 1965 da sunan VICA, HOSA ta kiwon lafiya kuma a 1976. Kuɗin tarayya na wannan fannin ilimi a yau ta dokar Perkins suke fitowa, wadda aka fara a 1984 aka sabunta a 2018.

Yadda gasa take

Gasa hawa-hawa ce: daga gunduma zuwa jiha, daga jiha zuwa babban taron ƙasa na shekara. A nan ne ake ganin amfanin ƙungiyoyin da ido. A wasu gasannin DECA, ɗalibi yakan fara da jarrabawa mai tambaya 100. Daga nan a miƙa masa takarda ɗauke da matsalar da bai taɓa gani ba, misali otal ɗin da baƙi suka ragu, ko kantin da abokan ciniki ke ƙorafi. Minti 10 gare shi ya tsara tunaninsa. Sai ya gyara kwat ɗinsa ya zauna gaban alƙali, wanda sau da yawa ɗan kasuwa ne da ya ba da lokacinsa kyauta, ya yi masa bayani tamkar shi ne manajan wurin. Yaro ɗan shekara 16 da ya saba da wannan zaman, ranar da ya je ganawar neman aiki bakinsa ba zai mutu ba.

A SkillsUSA hannu ne ke magana. Ana gasar walda, kafintanci, wayarin lantarki, gyaran mota, girki da gyaran gashi, masana'antu su kawo kayan aiki da alƙalai, a auna aikin da ma'aunin da ake auna na ƙwararru. Na ɗaya zuwa na uku su sami lambar zinariya, azurfa da tagulla. FFA kuma, ban da gasar tantance dabbobi da ta iya jawabi, tana son kowane ɗalibi ya riƙe wani aiki nasa na kansa, kiwo ne ko shuka ko aiki a ƙarƙashin wani, yana rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu.

Duk wannan da tsadarsa. Akwai kuɗin zama mamba, da na jaket ko kwat, da na tafiya da masauki. Rassa kan yi sayar da kaya don tara gudummawa, amma makarantar da ke unguwar marasa ƙarfi takan sha wuya kafin ta kai wanda ya ci gasar jiha zuwa taron ƙasa. Wannan shi ne babban raunin tsarin.

Karramawa kan ƙwazon karatu

Gefe da waɗannan akwai hanyoyin yaba wa ɗalibi kan makinsa. Mafi sauƙi shi ne jerin sunayen masu ƙwazo da makaranta ke fitarwa a ƙarshen zango. Wanda ya fi kowa maki a ajin ƙarshe kuma, bisa al'ada, shi ke yin jawabin ban kwana ranar yaye ɗalibai.

Mafi suna ita ce ƙungiyar karramawa ta ƙasa, NHS, wadda ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare ta kafa a 1921 bisa ƙoƙarin Edward Rynearson, shugaban wata sakandare a Pittsburgh. Sharuɗɗanta huɗu ne: karatu, hidima ga jama'a, jagoranci da kyan hali. Mafi ƙarancin makin da ƙa'idar ƙasa ta gindaya shi ne 3.0 cikin 4.0, makaranta na iya ɗaga shi, kuma kwamitin malamai biyar ne ke zaɓe. A bikin shigar da sababbi akan kunna kyandir ɗaya ga kowane sharaɗi.

An daɗe ana yi wa ajin sana'a kallon wurin waɗanda boko ya gagara, kallon da bai yi wa yaran adalci ba. Shi ya sa kafa NTHS a 1984 yake da muhimmanci: ƙungiyar karramawa ce ta ɗaliban fasaha da sana'a zalla, mai ba da takardar shaida da tallafin karatu. A makarantun da ke da reshenta, ranar yaye ɗalibai, mai koyon walda yakan fito da igiyar girmamawa rataye a wuyan rigarsa, a layi ɗaya da wanda ya yi zarra a lissafi.