Sirrin Gwamnati Da Haƙƙin Sani A Ghana: Amsoshin Tambayoyin Da Kuka Fi Yi Mini

Tun da dokar samun bayanai ta fara aiki a 2020, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini a unguwannin Nima da Mamobi da Madina na yankin Accra, a ƙofar masallaci da wajen suna. Na tattara su a nan domin duk wanda ya sake tambaya in nuna masa wannan rubutu.

Shin talaka yana da ikon neman ganin takardun gwamnati?

Yana da shi. Sashe na 21 na tsarin mulkin 1992 ne ya ba shi, kuma doka mai lamba 989 ta shekarar 2019 ta shimfiɗa yadda zai nema.

Sai na faɗi abin da zan yi da bayanin?

Ba sai ka faɗa ba, sai fa idan kana son a gaggauta maka. Jami'in bayanai na ma'aikatar yana da kwana 14 ya yanke shawara, ko awa 48 idan maganar ta shafi rai ko 'yancin wani. Idan ya hana ka, ka kai kuka ga shugaban ma'aikatar, daga nan kuma sai hukumar da ke sa ido a kan dokar.

Ban iya rubutu ba, ke nan babu ni a ciki?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Doka ta yarda ki faɗi buƙatarki da baki, jami'in ya rubuta, ya karanta miki ki tabbatar.

In dai dimokuraɗiyya ake yi, me ya kawo sirri kuma?

Wannan tambaya ta fara gajiyar da ni. Babu ƙasar da ke baza shirin tsaronta a kasuwa, kuma kai kanka ba za ka so a miƙa wa maƙwabcinka takardar asibitinka don ya nema ba. Dokar 2019 ta keɓe abin da ya shafi tsaro, da binciken 'yan sanda, da shawarwarin majalisar ministoci, da sirrin rayuwar mutum. Tsohuwar dokar sirrin ƙasa ta 1962, ta zamanin Kwame Nkrumah, ita ma tana nan. Abin da ya sauya shi ne, yanzu mai ɓoyewa ne zai kawo hujja, kuma ko bayanin da aka keɓe ana iya fito da shi idan zai tona karya doka ko wani haɗari ga jama'a, matuƙar amfanin fito da shi ya rinjayi illarsa.

Ni ma'aikaci ne, na ga takardar da ke nuna an biya kuɗin gina magudanar ruwa alhali ba a haƙa ko taku ɗaya ba, kuma an buga mata hatimin sirri. In ɗauki hotonta in tura wa ɗan jarida?

A nan ne nake so ka zauna, ɗan'uwa, domin amsar tana da rassa. Hatimi ba ya halatta sata, kuma rantsuwar riƙe sirri da ka yi ba ta ɗaure ka ga rufa wa ɓarawo asiri ba. Doka mai lamba 720 ta 2006, wadda ke kare masu tona asirin ɓarna, ta ce ba za a kai ka kotu a kan abin da ka tona ba, sai in an tabbatar ka san ƙarya ne kuma ka yi da mugun nufi. Amma kariyar tana bin ƙofar da ka shiga. Dokar ta jera waɗanda za ka kai wa magana, cikinsu har da babban lauyan gwamnati, babban mai binciken kuɗin gwamnati, hukumar kare haƙƙin ɗan adam da sauraron ƙorafi a kan ma'aikatan gwamnati wato CHRAJ, ɗan sanda, ɗan majalisa, sarki, shugaban dangi da shugaban ƙungiyar addini da aka sani. Ɗan jarida ba ya cikin jerin, ballantana zauren WhatsApp na unguwa, saboda haka wanda ya bi ta can zai iya samun kansa yana amsa tuhumar fallasa sirri, mai ci da kwangila kuwa yana gida yana shan shayi.

Sannan ka tambayi kanka ko abin da ka gani shi ne dukkan labarin. Ana biyan ɗan kwangila wani kaso kafin ya fara aiki, kuma takarda ɗaya ba ta nuna ko an mayar da aikin wata unguwa ba. Doka tana neman ka kasance da dalili mai kama hankali da kyakkyawar niyya, don haka rubuta abin da idonka ya gani, da rana da lambar fayil, ka bar zato a gefe. Kada ka fita da fayil na asali daga ofis. Idan takardar ta taɓa sha'anin soja ko leƙen asiri, lissafin ya sake, kuma ban yarda ka motsa ba sai ka zauna da lauya.

Game da kai wa sarki ko liman, doka ta yarda, sai dai ka sani wanda ya karɓa dole ne ya aika wa babban lauyan gwamnati kwafi cikin kwanakin aiki bakwai, kuma fadar zango wuri ne mai kunnuwa da yawa. Ni da za ka bi shawarata, CHRAJ za ka nufa, tunda ita ce kuma za ka kai wa ƙara idan aka kore ka ko aka jefa ka wani lungu don ramuwa. Ba zan ce maka babu haɗari ba. Mutanen Madina ba su manta da ɗan jarida Ahmed Hussein-Suale da aka harbe a watan Janairun 2019 ba. Wani lokaci hanya mafi sauƙi ita ce mazauna unguwar da ruwa ke ci su rubuta da sunansu su nemi takardun kwangilar a ƙarƙashin dokar 2019, kai kuwa ka ci gaba da zuwa aikinka.

An ce ana ba mai tonawa lada?

Ana ba shi kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka ƙwato, ko abin da hukuma ta yanke. Wanda lada ya fara tambaya kuwa, ina shakkar niyyarsa.

Me ya sa ba ma ganin dukiyar da ministoci suka bayyana?

Domin sashe na 286 na tsarin mulki ya ce su miƙa wa babban mai binciken kuɗi, kuma ana fito da takardar ne idan kotu ko CHRAJ ko kwamitin bincike ya nema. A ganina wannan babban rauni ne, tunda mai zaɓe ba ya da hanyar gwada abin da mutum ya shiga ofis da shi da abin da ya fita da shi.

Ƙanena yana aiki a ma'aikata, ya ƙi gaya mini sunayen waɗanda za a ɗauka aiki. Wannan ba yanke zumunci ba ne?

Ba yanke zumunci ba ne, kuma ya kamata ka ji kunyar tambayar. Sashe na 284 na tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati sa kansa inda son ransa zai yi karo da aikinsa. Ku ne kuke zagin manya da safe a kan ɓoye-ɓoye, da yamma kuma ku matsa wa yaro ya sato muku takarda. Ka ƙyale shi, ka jira a liƙa sunayen kamar kowa.