Tona Ƙasa Kafin Ka Tada Injin Ban Ruwa

'Yan'uwa manoma, kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba daga koguna, tafkuna da rijiyoyi a duniya, gona yake tafiya. Abin takaici, a ban ruwa na sake-shi-ya-malala, sau da yawa kusan rabinsa ba ya amfanar shuka: wani ya tsiyaye a magudana, wani ya nutse ya wuce saiwa, wani rana ta shanye.

Babban abin da ke jawo haka shi ne ban ruwa da ƙirgen kwanaki, ba tare da an duba ƙasa ba. Saman ƙasa yana yaudara. Tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 kusa da gindin shuka, ka ɗebo ƙasar, ka matse a tafin hannu. In ta dunƙule ta bar maka danshi, dakata. In ta dunƙule amma ta wargaje da ka taɓa ta, lokaci ya yi. In ta ƙi dunƙulewa sam, ka makara. Jigawa tana son ruwa kaɗan akai-akai, laka kuwa tana son ya shige ta sosai sannan a ba ta tazara.

Ruwan da ya wuce kima ba alheri ba ne. Saiwa tana numfashi, in ƙasa ta daɗe a jiƙe sharkaf sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, manomi ya zaci ƙishi ne ya ƙara ruwa. Takin yuriyar da ka saya ma tana bin ruwan nan ta wuce inda saiwa za ta kamo ta. Inda babu mafitar ruwa kuma, a hankali gishiri ke tasowa ya yi fari-fari a saman kunya, kuma gyaran irin wannan gona yana da wuya ƙwarai.

Daidaita fangali kafin shuka, don kada kwari ya cika tudu na bushe. Ka toshe ɓarakar magudana da ta tiyo, ka ba da ruwa da sassafe ko da yamma. Sannan ka lulluɓe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko kara, kaurin santimita 5 zuwa 10, amma kada ya manne da jikin shukar.

In ruwa ya yi ƙaranci, ka san inda za ka kashe shi. Masara ba ta yafe ƙishi lokacin fure da goyo. Tumatir in ya sha ƙishi sannan aka malala masa ruwa, 'ya'yan tsagewa suke yi. Albasa a yanke mata ruwa mako biyu zuwa uku kafin cira, don kada ta ruɓe a ajiya.

Shinkafa ma ba dole ta kwana cikin ruwa kullum ba. Samu bututu mai tsawon santimita 30, ka huda rabinsa na ƙasa, ka kafa shi rabin nan ya nutse, ka kwashe ƙasar cikinsa. Bar ruwan fangali ya janye. Idan ka leƙa ka ga ya sauka santimita 15 ƙasa da doron gona, ka sake cika fangalin zuwa santimita 5 sama da doron gona. Wannan kan rage ruwa har kusan kashi 30 ba tare da amfanin gona ya ragu ba, da sharaɗin daga mako guda kafin fure zuwa mako guda bayansa ba za ka bar fangalin ya bushe ba.