Ƙera samfur cikin gaggawa

Ƙera samfur cikin gaggawa hanya ce ta fitar da kwatancin wani kaya kai tsaye daga zanen kwamfuta, domin a gwada shi kafin a kashe kuɗin yin mazubin ƙira ko a ƙera shi da yawa. Ba'amurke Chuck Hull ya samu rajistar fasahar daskarar da ruwan roba da haske a 1986. Fasahar narkar da zaren roba kuwa Scott Crump ne ya ƙirƙiro ta, kuma sai da wa'adin rajistarsa ya ƙare a 2009 ƙananan firintocin 3D, wato injinan da ke fitar da samfurin, suka yi araha.

Ana zana kayan, a adana shi a fayil na STL mai ɗauke da siffar kayan, wata manhaja ta yayyanka shi hawa-hawa, kowane hawa kaurinsa milimita 0.1 zuwa 0.3. Firinta tana jan zare mai kaurin milimita 1.75, ta narkar da shi, ta fitar ta baki mai faɗin milimita 0.4. PLA, wata irin robar da ake yin zaren da ita, tana buƙatar zafin digiri 190 zuwa 220.

Babban amfaninsa shi ne gano kuskure da wuri. Fankar injin ban ruwa na fadamar Argungu, idan ramin sandarta ya matse, a samfur na roba za a gani cikin yini guda, a gyara zanen. Masu zubin alminiyum, irin masu tukwane a Gusau, suna iya danna samfurin a yashi ya zama mazubi, amma dole a ƙara masa girman kusan kashi 1.3 cikin ɗari, don alminiyum yana tsukewa idan ya huce.

Sai dai samfur ba kayan aiki ba ne, kuma a nan ne aka fi yin asara. Mahaɗar hawa da hawa ita ce mafi rauni, nauyi yana tsinka shi ta nan. PLA tana laushi daga digiri 60, zafin da cikin mota rufaffiya kan kai a ranar bazara, balle jikin injin casar shinkafa. Da damina zaren yana shan laima, ya riƙa tartsatsi a bakin firinta, fuskar kayan ta fito da ramuka. Shi ya sa ake rufe zaren a akwatin da iska ba ta shiga. Ƙurar hunturu tana toshe bakin. Ɗauke wuta a tsakiyar aikin awa goma kan lalata shi, don haka inbata ko sola ba abin wasa ba ne. Idan kuma ana son guda dubu, ƙira da mazubi ta fi sauri da araha nesa ba kusa ba.